Darasin kimiyya da rainin da ake yi wa makiyaya a Adar da Azawak

Rainin da ake yi wa Fulanin daji da Buzaye da maƙera da jikokin bayi a jihar Tawa ya tsaya ne a kan maganganu biyu, kuma duk wanda ya girma a nan ya ji su tun yana goye. Ta farko ita ce "ai a jininsu yake": wai ɓarna a jinin Bafillace take, rashin amana a jinin Buzu, ƙasƙanci a jinin wanda kakansa bawa ne. Ta biyu ita ce "mutanen daji ba su san komai ba, su ne ma suka cinye ƙasar nan da bisashensu". Malamai a masallaci suna wa'azi a kan haramcin raina ɗan Adam, hukumomi suna taron zaman lafiya, kuma duka suna da amfani. Amma waɗannan maganganu biyu ba zagi ba ne kawai. Da'awa ce a kan yadda jikin mutum yake da yadda ƙasa take, wato da'awa ce da ake iya aunawa a ga ko gaskiya ce. Aunawa kuwa aikin ajin kimiyya ne, na malamin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, da na kimiyyar sinadarai da na labarin ƙasa. Ra'ayina shi ne mun bar wannan aiki a ƙasa, har ma a wasu darussan muna ƙara wa rainin ƙarfi ba tare da mun sani ba.

A duniya idan ana wannan magana ana cewa "ƴan asalin ƙasa", kamar mutanen farko na Amurka da Ostareliya, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa a kan haƙƙinsu a 2007. A Afirka lissafin bai tafiya haka, tunda Ba'adare da Bagobiri da Bamauri ba baƙi ba ne a ƙasarsu. Shi ya sa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, a rahoton da ta amince da shi a 2003, ba ta dubi wanda ya riga wani zuwa ba. Ta dubi waɗanda rayuwarsu ta dogara da daji, kiwo ko farauta, waɗanda tsarin mulki da makaranta da kasuwa suka bari a gefe, kuma ake kallon hanyar rayuwarsu a matsayin ci baya. A Nijar wannan siffa ta faɗa kan Abzinawa da Fulani makiyaya da Tubawa. Ni kuma na haɗa da maƙera da jikokin bayi, don sandar da ake dukansu da ita ɗaya ce.

Kada wani ya ce ai wasa ne, irin na taubasai. Muna da wasan dangi, kuma abin alfahari ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Amma wasan Bafillace da Bamauri yana tafiya ta gefe biyu, kowa ya ba da kowa ya karɓa, a tashi ana dariya. Rainin da nake magana a kai ta gefe ɗaya yake gangarowa, kuma mun ga inda yake kaiwa. Kisan da aka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a watan Mayun 1990 shi ya buɗe ƙofar tawayen da sai a 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannu a kan sulhunsa. A Toda, jihar Maraɗi, an kashe Fulani fiye da 100 a watan Oktoban 1991, akasarinsu mata da yara. A Bangi, nan cikin jiharmu, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka 18 a watan Nuwamban 2016. Rikicin gona ko na rijiya shi ke kunna wutar, amma abin da ke sa a wuce mai laifi a afka wa matarsa da jaririnsa shi ne imanin cewa dukansu iri ɗaya ne. Yau da ƴan bindiga suka addabi iyakar Mali, wannan imani ya ƙara samun abinci, saurayi mai rawani da sanda sai ya zama abin zargi tun kafin ya buɗe baki, alhali rugagen danginsa na cikin waɗanda aka fi kwashe wa dabbobi.

Kafin mu ɗora wa kimiyya wannan nauyi, dole a faɗi cewa hannunta ba fari tas yake ba. Masanan Turai na ƙarni na 19 da farkon na 20 sun yi yawo da ma'auni suna gwada ƙoƙon kai da hanci, suka jera mutane hawa-hawa. Suka ƙirƙiro tatsuniyar cewa duk wani abin kirki a Afirka wasu fararen baƙi ne daga gabas suka kawo shi, kuma wani Bature ɗan Ingila mai suna Seligman ya rubuta haka ƙarara a 1930, aka daɗe ana karantar da shi a jami'o'i. A wannan jeri an ɗora Abzinawa da Fulani sama da Hausawa da Zabarmawa saboda hasken fata, a lokaci guda kuma mulkin mallaka yana kallonsu a matsayin masu taurin kai da ba su zama wuri ɗaya a ƙirga su a karɓi jangali. Ka ga an raba raini ta ko'ina, na gari yana raina na daji da jahilci, na daji yana raina na gari da baƙar fata da bauta. Ɗalibinmu ya kamata ya san wannan tarihi, ya kuma san abin da ya rushe shi: ba wa'azi ba ne, ƙarin awo ne da aka yi da gaskiya.

Mu fara da jini. Tun 1901 aka gano rukunonin jini, A da B da O, daga baya aka ƙara AB. Babu ɗaya cikinsu da ya keɓanta da wata ƙabila. Idan mace Ba'adara ta zubar da jini wurin haihuwa, ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya tambayar asalin wanda ya miƙo hannu. Yana iya mayar da ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya saboda jininsu bai dace ba, ya karɓi na Buzun da ya kawo raƙumi kasuwa. Wannan darasi yana cikin manhaja, muna koyar da shi don jarrabawa, yara su haddace wa ke ba wa, amma ba mu cika tsayawa mu ce musu "to ku dubi abin da wannan ke faɗa a kan maganar da kuke ji a gida" ba.

A 1972 wani masani a Amurka, Richard Lewontin, ya lissafa bambancin ƙwayoyin gado tsakanin al'ummomin duniya. Ya samu cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da maƙwabcinsa, abin da ya rage ne kawai ke tsakanin al'umma da al'umma. Binciken da ya biyo baya, bayan an gama karanta ADN ɗin ɗan Adam, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a 2003, bai rushe wannan ba. Mutum biyu daga ko'ina a duniya sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100 na ADN ɗinsu, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambanci a cikinta, saboda a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Abin nufi, Hausawa biyu daga Ilela suna iya bambanta da juna a wurare da yawa fiye da yadda ɗayansu ya bambanta da wani Bafillace na Abalak. Halaye irin su gaskiya da haƙuri da kaifin ƙwaƙwalwa kuwa, babu wata ƙwayar gado guda da ke ɗauke da su. Dubban ƙwayoyi ne ke taɓa su kaɗan-kaɗan, tare da abinci da tarbiyya da lafiya da makaranta, kuma ba a taɓa samun wata hujja da ta nuna wata ƙabila ta gaji sata ko ha'inci ba.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken wani masanin koyar da kimiyya a Amurka, Brian Donovan. Ya gwada abin da ke faruwa a kan yara idan aka koya musu cututtukan gado ta hanyar da aka saba, wato a ce wannan cuta ta baƙar fata ce, waccan ta farar fata. Ya samu cewa yaran suna fita daga darasin sun ƙara yarda cewa kowane jinsi halitta ce daban, har a hankali da hali. Da shi da abokan aikinsa suka sake tsara darasin, suka sa yaran su duba alƙaluman bambancin da ke cikin kowane rukuni da yadda rukunonin suka shiga juna, su kuma ga yadda muhalli ke aiki tare da gado, sai wannan imani ya ragu. Sun buga sakamakon a 2019, suka sake tabbatar da shi a 2024 da ɗalibai sama da 1,000. Amurka ba Adar ba ce, amma ƙwaƙwalwar yaro ɗaya ce, kuma gargaɗin ya shafe mu kai tsaye: darasin gado da aka koyar rabi ya fi rashinsa haɗari.

Dubi yadda muke koyar da emasi, amosanin jini. Muna zana akwatin nan mai gida huɗu a allo, AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo SS. Daidai ne, kuma yana ceton rai idan ya sa matasa suka yi gwaji kafin aure. Amma idan muka tsaya nan, yaro yana tafiya da darasi na biyu da ba mu yi niyya ba, cewa akwai gida mai jini mai kyau da gida mai mugun jini, kuma komai na mutum haka ake gadonsa, gida huɗu a akwati. Abin da ya kamata a ƙara ba ya cin minti goma. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS ya fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa wannan ƙwaya ta yawaita duk inda sauro ya yawaita, a Afirka, a Indiya, a gabashin ƙasar Larabawa, har a wasu sassan Girka. Taswirar sauro ce, ba ta ƙabila ba. Haka zancen madara. Yawancin manyan mutane a duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin ɗanyar madara sosai, amma al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, har da Fulani da yawa, sun riƙe wannan iko har girma, kuma canjin ƙwayar gadon da aka samu a wurin Fulani irin wanda ke wurin mutanen Turai ne, yayin da makiyayan gabashin Afirka suke da nasu daban. A nan malami yana kan siraɗi. Idan ya ce "kun gani, Fulani daban suke", ya ɓata. Idan ya nuna cewa sana'ar kakanni ce ta bar alama ɗaya ƙarama a hanji, cewa ba kowane Bafillace ke da ita ba, kuma akwai wanda ba Bafillace ba da yake da ita, to ya koya wa yara yadda ake tunani a kan bambanci ba tare da an mai da shi katanga ba.

Wannan darasi ya fi zafi idan aka zo kan bauta. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke wa gwamnatin Nijar hukunci saboda ta kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a nan yankinmu. Doka ta yi nata. Amma har gobe ana fasa aure idan bincike ya nuna kakan yaro bawa ne ko maƙeri, kuma masu fasawar da yawa sun yi boko. Bauta abu ne da yaƙi da yunwa da ciniki suka jefa mutum ciki. Ba ta shiga ADN. Ɗan sarkin da aka kama a yaƙi ya zama bawa a rana ɗaya, babu abin da ya canja a jikinsa. Yaron da ya fahimci abin da ake gado ta jiki da abin da ake gado ta al'ada ba zai rasa amsar da zai ba kansa ba ran da aka ce masa "ba a aurensu".

Magana ta biyu, wadda ta ce makiyaya ne suka cinye ƙasa, ita ma ta taɓa samun goyon bayan masana. Bayan farin 1973 da 1974, wani babban masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa yawan kiwo yana tone ƙasa, farar ƙasa tana mayar da hasken rana sama, hakan kuma yana hana hadari haɗuwa. Wato makiyayi ne ya kori ruwa. Ra'ayin ya shiga littattafai da tsare-tsaren masu ba da agaji, aka yi ta neman hanyar zaunar da makiyaya wuri ɗaya. Sai hotunan tauraron ɗan Adam suka fara nuna cewa iyakar Sahara ba tafiya kudu take yi kullum ba, tana matsowa a shekarar fari ta koma a shekarar ruwa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa babban abin da ya jawo farin Sahel na shekarun 1970 da 1980 shi ne sauyin ɗumin ruwan tekuna, dubban kilomita daga garken kowa. Ba a ce kiwo ba ya lalata wuri ba. Kowa ya ga yadda kewayen famfon burtsatse ke zama fili fetal idan dabbobi suka yi masa zaman dirshan. Amma wannan illar zama ce, ba ta tafiya ba.

Tafiyar kuwa ilimi ce. A 1983 wasu masana biyu ƴan Holan, Breman da de Wit, bayan dogon aiki a Mali, suka buga abin da suka samu: ciyawar arewa ba ta da yawa amma ta fi gina jiki, ta kudu ta fi yawa amma ta fi rauni, don haka garken da ke hawa arewa da damina ya gangaro kudu da rani yana cin moriyar duka biyun. Da suka kwatanta abin da kowace eka ke bayarwa na nama da madara, suka ga kiwon Fulani masu tafiya ya fi na manyan gandun kiwo masu shinge na Amurka da Ostareliya da ke samun ruwan sama irin namu. Garso da ke riga garke gaba ya duba ciyawa da ruwa bai karanta wannan ba, amma shi yake aikatawa. Yana tsuguno ya tumɓuke ciyawa ya dubi saiwarta, ya duba kashin shanun da suka riga shi wucewa ya gane ko wurin ya karɓe su, ya san tabkin da zai kai wata biyu da wanda zai ƙafe kafin sati. Hawan da ake yi zuwa In Gall shan gishiri ba yawon biki ba ne, dabbobi ne ke neman ma'adinan da jikinsu ya rasa. Fita daga kudu da damina kuma yana ba gonaki sarari, ya raba garke da ƙudan da ke kawo cuta.

Na ga abin da irin wannan darasi ke yi a aji. Wani yaro ɗan Bororo a ajin farko na kwaleji, wanda ke zama a bencin baya, ba ya magana, ƴan ajin suna kiransa da sunan da ba zan maimaita ba. Ranar darasin narkewar abinci a cikin dabbobi masu tuƙa, aka kawo tumbin akuya daga mahauta a cikin roba. Yaran gari suka toshe hanci suka ja baya. Shi kuwa ya matso ya ce, "Mushe, in nuna musu?" Ya sa hannu ya ware sassan nan huɗu, ya faɗi sunan kowanne da Fulatanci, ya nuna inda ciyawa ke fara sauka da inda take komawa bayan tuƙa, ya ce idan saniya ta ci ɗanyen ganyen dawa da fari ya kama cikinta na kumbura ta gefen hagu, ya nuna daidai wurin. Abin da littafin ya zana ke nan, har da gefen. Ajin ya yi tsit, sannan tambayoyi suka fara zuwa, kuma ba malami ake tambaya ba. Ba zan ce sunan nan ya mutu a ranar ba. Amma daga ranar akwai abin da ƴan ajin suka sani game da shi wanda ba su iya mantawa.

Adalci ya sa a faɗi ɓangaren manomi. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yau sun haura miliyan 25. Dokar 1961 ta ja iyakar noma daga arewa, ta bar abin da ke bayanta don kiwo, amma yunwar gona ta tsallake wannan iyaka tun tuni, ta ci burtali da mashaya da hurumi. Dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya haƙƙi ce ta makiyayi. Manomin da garke ya shiga gonarsa da dare saura sati biyu girbi, shi ma ba ƙarya yake ba, abincin shekararsa ne ya tafi. Ajin kimiyya ba zai raba wannan gardama ba. Abin da zai iya shi ne ya nuna cewa matsalar lissafin ƙasa da ruwa da yawan jama'a ce, ba ta mugun hali ba, ya kuma tuna wa yara abin da kakanninsu suka sani, lokacin da manomi ke roƙon Bafillace ya sauka a gonarsa bayan sakin gonaki, ya ba shi damin hatsi, don takin da shanu za su bari.

Ilimin mutanen karkara bai tsaya ga makiyaya ba, kuma Adar na da misalin da duniya ta zo koyo. Tassa rami ne ɗan ƙarami da ake haƙawa a kan fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarta. Faɗinsa kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu biyu tun da rani. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse ta hanyoyinta, a shuka hatsi a ciki. Manoman Ilela da Badagishiri sun farfaɗo da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980, bayan wasunsu sun je Yatenga a Burkina Faso sun ga yadda aka inganta ta, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. A cikin rami ɗaya akwai darasin zagayowar ruwa, da na ruɓewar taki, da na rayuwar ƙwari. Haka maƙeran Adar da suka narka tama a cikin rahoniyar yumɓu har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, suna kai wuta zafin da ya haura digiri 1,000 da gawayi da iska kawai, suna raba ƙarfe da dutse. Ɗan maƙeri yana zaune a aji ana koya masa wannan haɗin sinadari da haruffan Faransanci, ba wanda ya ce masa aikin gidansu ne. Matan da ke jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, su ma aikin sinadari suke yi, kuma shi ya raya gidaje a shekarun yunwa.

Sai dai ina tsoron wani kuskure da ke bin bayan irin wannan magana, wato a koma yabon duk abin da aka gada. Wannan ma raini ne, don ba ka ɗauki mutum da muhimmanci ba idan ba ka yarda a gwada maganarsa ba. Cire beli ga jarirai da aska ɗaya al'ada ce, kuma tana kashe yara. Hana jariri nonon farko al'ada ce, kuma kuskure ne. Waɗannan ba na daji kaɗai ba ne, suna cikin gari. Ma'aunin ɗaya ne ga garso da wanzami da Charney: me ka ce, mu gwada mu gani. Yaron da ya ga an auna maganar babban masani an same ta da rauni, an auna ta makiyayi an same ta da ƙarfi, wani wurin kuma akasin haka, ya koyi cewa darajar magana ba daga rigar mai ita take ba.

Gardamar wa ya riga wa zuwa ma tana da amsa a ƙarƙashin rairayi. A Gobero, cikin Tenere, tawagar Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe ta ci karo da maƙabarta a 2000, mai kaburbura kusan 200 a bakin wani tabki da ya ƙafe. Mutane iri biyu ne suka zauna wurin a zamani daban-daban, na farko kusan shekara 9,000 da suka wuce, dogaye masu kamun manyan kifaye, na biyu bayan dogon fari. A wani kabari an samu mace da yara biyu an kwantar da su suna rungume da juna. A Dabous an sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babbar ta fi mita 5, a wurin da yau ba ta da abin da za ta ci. Babu wanda zai ce mutanen Gobero Hausawa ne ko Abzinawa ko Fulani, waɗannan sunaye ba su wanzu ba tukuna. Da Sahara ta bushe mutanenta suka watsu suka gauraya, wasu suka riƙe saniya, wasu suka riƙe hatsi. Hausawa da kansu suna da tarihin zama a Abzin kafin su gangaro, kamar yadda Gobirawa ke faɗa kuma masana tarihi irin su Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, suka yi nazari.

Abin da ke hana wannan duka aiki ba ɓoyayye ba ne. Na farko malamin kansa. Shi ma a gidan da ake faɗin maganganun nan ya tashi, kuma idan yana ganin tura shi Tilliya ko Tasara horo ne, yara za su karanta haka a fuskarsa ko me ya rubuta a allo. Gyaran zai fara ne daga makarantar horar da malamai ta Kaocen da ke nan Tawa da takwarorinta, a koya wa malami darasin gado cikakke, da tarihin yadda aka yi amfani da shi wurin zalunci. Sannan harshe: yaron da ya san sunan ciyawa talatin da Tamajak ko Fulatanci, idan aka ce sai da Faransanci zai yi magana, a idon ajin bai san ko ɗaya ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma darasin tsirrai da dabbobi shi ne wurin da ya fi sauƙin buɗe wannan ƙofa, ko da allo mai layi huɗu ne, kowane harshe da sunansa. Akwai kuma abin da bai kamata a yi ba ko kusa, wato a jera yara a aji bisa ƙabila don a gwada tsawo ko launi. Alƙaluma a takarda sun isa, yaro ba abin gwaji ba ne.

Mafi nauyi shi ne ƴaƴan makiyaya da yawa ba su cikin ajin ma. Lakwal tana buɗewa a watan Oktoba lokacin da garke ke shirin gangarowa, makarantun da ke da kantin da wurin kwana ba su isa ba, rashin tsaro kuma ya rufe wasu a arewacin jihar. Masana halayyar jama'a sun daɗe da nuna cewa ƙiyayya tana raguwa idan mutane suka yi aiki ɗaya a matsayi ɗaya, da goyon bayan na sama. Aikin rukuni a darasin kimiyya, yara huɗu a kan ma'aunin ruwan sama ɗaya ko ramin tassa ɗaya a bayan aji, shi ne irin wannan haɗuwa, amma sai idan ɗan ruga yana cikin huɗun. Kuɗin kantin na makarantun yankin makiyaya da jadawalin karatu da ya san lokacin hawa da gangara suna cikin wannan magana kamar yadda manhajar SVT take ciki, kuma ma'aikatar ilimi ce ke riƙe da su duka biyun.